Aibin Da Ke Gini: Yadda Kiristal Ke Samun Siffarsa

Duk wanda ya ɗauki kwas ɗin kimiyyar kayan ƙira, ko daga sashen kanikanci yake, ko lantarki, ko fasahar ɗakin gwaji, ya san shafin nan na handawut da aka jera aibobin kiristal: aibin ɗigo, aibin layi, aibin shimfiɗa. Mukan yi masa haddar aku, mu juye wa malam a takarda, mu fito mu karkaɗe riga. Ni ma haka na yi a shekarata ta farko, sai ranar jarrabawa tambaya ta zo a juye: bayyana yadda aibi ke taimaka wa kiristal ya girma. Na ciji biro har lokaci ya ƙare. A nawa tunanin, aibi ɓarna ce kawai, to ina ɓarna ina taimako?

Amsar wannan tambaya ce darasinmu na wannan fitowa. Wanda ya fahimce ta ya huta da hadda, kuma zai gane yadda masana ke sa ƙananan gine-gine, waɗanda ido ba ya gani, su gina kansu da kansu a cikin kwalba.

Mu fara da ma'auni

Kiristal shi ne duk wani sandararren abu da atam-atam ɗinsa suka jeru a tsari guda mai maimaita kansa ta kowace fuska, kamar bulo a jikin katanga. Gishirin miya kiristal ne. Haka sukari, haka ƙarfen rodi, haka silikon ɗin da ke cikin farantin sola.

Nanomita kuwa, ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai wajen nanomita 80,000. Idan aka ce ginin nano, ana nufin abin da kaurinsa bai wuce nanomita 100 ba. A wannan ƙanƙanta babu injin yanka ko hantsaki da zai ɗauki atam ya ajiye maka ɗaya bayan ɗaya har ka samu kayan sayarwa. Dole sai dai ka haɗa sinadarai, ka daidaita zafi, ka bar atam su jeru da kansu. Shi ake kira harhaɗa kai. Abin tambaya shi ne: tun da babu magini a wurin, wa ke gaya wa atam cewa waya za su zama, ko faifai, ko bishiya mai rassa?

Inda bulo ke son zama

Mu ɗauka kowane atam bulo ne mai fuska shida, kuma kowace fuska da ta taɓa maƙwabci tana ƙara masa riƙo. Idan bulo ya sauka a tsakiyar shimfiɗaɗɗen daɓe, fuska ɗaya ce kawai ta kama, ta ƙasa. Zafi na ɗan girgiza shi zai tashi ya koma inda ya fito. Idan ya gangara ya jingina da bakin mataki, fuska biyu sun kama. Idan ya dace da lungu a jikin matakin, fuska uku sun kama, ya zauna ke nan.

Kun ga ashe kiristal ta bakin mataki yake girma. To ga matsalar: matakin yana ta cin bulo yana matsawa gaba har ya kai ƙarshen daɓen, sai ya ɓace. Yanzu saman ya zama sumul, babu wurin jingina. Kafin a fara sabon hawa, sai atam da yawa sun haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya sun kafa ɗan tsibiri wanda ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Hakan ba ya faruwa sai atam sun yi cunkoso sosai a cikin ruwan ko tururin da ke kewaye.

Wannan cunkoso yana da ma'auni. Ka zuba gishiri a ruwa kana juyawa har ya daina narkewa, ruwan ya ƙoshi ke nan. Abin da ya ɗoru a kan haka shi ne rarar ƙoshi, kuma ita ke tura kiristal ya girma. Lissafi ya nuna cewa kiristal marar aibi, mai girma daga tururi, yana bukatar rarar da ta kai wajen kashi 50 cikin 100 kafin a ga girman kirki. Amma a 1931 wasu masana biyu a Jamus, Volmer da Schultze, sun ga kiristal ɗin aidin yana girma a rarar da ba ta wuce wajen kashi 1 cikin 100 ba. Lissafi ya ce ba zai yiwu ba, ido kuma ya ce ga shi yana yiwuwa. An ɗauki shekaru ana kan wannan ruɗani.

Targaɗe

Abin da littattafanku ke kira dislokeshan, mu kira shi targaɗe, domin ma'anar ke nan: jeri ya goce daga mazauninsa. Iri biyu ne manya.

Na farko targaɗen gefe. Ka duba goyon masara da kyau, wani lokaci za ka ga layin ƙwayoyi ya taso daga gindi ya ƙare a tsakiya, layukan da ke gefensa sun ɗan karkace sun rufe gurbin. Haka yake a kiristal: rabin shafin atam ya kutsa tsakanin sauran ya tsaya a hanya. A 1934 mutum uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo wannan tunani domin su bayyana dalilin da ya sa ƙarfe ke lanƙwasa da ƙarfin da ya gaza abin da lissafi ya faɗa sau ɗaruruwa, wani lokaci sau dubbai. Targaɗen ne ke zamewa layi bayan layi, kamar yadda ake matsar da babban kafet ta hanyar tura ƙundumin da ya taso a jikinsa maimakon jan shi gaba ɗaya. Shi ya sa idan ka yi ta lanƙwasa wayar tagulla take ƙara tauri: targaɗu sun yi yawa sun sarƙe, sun hana juna motsi.

Na biyu targaɗen murɗe, wanda Burgers ya bayyana a 1939, kuma shi ne gwarzon wannan darasi. Ka ɗauki littafi mai kauri, ka yanka shi da reza daga gefe zuwa tsakiya, ka ɗaga ɓari ɗaya da kaurin shafi guda, sannan ka manne. Yanzu idan tururuwa ta bi shafi tana zagaya tsakiyar, duk zagaye ɗaya za ta tsinci kanta a shafi na gaba ba tare da ta yi tsalle ba. Shafukan sun zama shafi guda mai murɗewa, kamar zaren jikin noti ko matakalar hasumiya.

A 1949, a wani taron masana a Biristol ta Ingila, Charles Frank ya ce ga bakin zaren. Inda targaɗen murɗe ya ɓullo a saman kiristal, akwai mataki wanda ƙarshensa ɗaya ke ɗaure a tsakiya. Atam suna zuwa suna jingina, matakin yana matsawa, amma tun da a ɗaure yake, sai dai ya yi ta zagaye kamar hannun agogo. Ba zai taɓa kaiwa ƙarshen daɓe ya ɓace ba. Babu sauran bukatar kafa tsibiri, don haka 'yar rara kaɗan ta isa. A 1950 Griffin ya ga irin waɗannan matakai a jikin dutsen beril, a 1951 Verma ya ɗauki hotunan zagayen a jikin silikon kabayid. A wannan shekarar ce Burton da Cabrera da Frank suka fitar da cikakken lissafin. Shi targaɗen kansa kuwa, an gan shi yana motsi a cikin ƙarfe a 1956, lokacin da Hirsch da abokan aikinsa a Kambirij suka duba da maikiroskof mai aiki da ilektiron.

Ga amsar tambayar da ta kayar da ni ke nan. Wanda ya iya zana wannan mataki mai zagaye ya yi bayaninsa a layi biyar, makinsa ya cika.

Bishiya daga dutsen tozali

Yanzu mu sauka duniyar nano. Idan rarar ƙoshi ta yi ƙasa sosai, duk fuskokin kiristal masu sumul za su tsaya cak, sai fuskar nan guda mai targaɗen murɗe ce kaɗai ke ci gaba. Abin da ke girma ta fuska ɗaya tak, ai waya zai zama.

A 2008 ƙungiyar Song Jin a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ta buga wani aiki a mujallar Science a kan sinadarin darma da farar wuta, PbS. Wannan sinadari ba baƙonmu ba ne. Shi ne ma'adinin galena, dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali, kuma dalilin da ya sa likitoci ke gargaɗi a kan sa wa jarirai irin wannan tozali ke nan, domin darma guba ce. Idan ka fasa galena, gutsattsarinsa masu kusurwa ne kamar dunƙulen magi, domin tsarin atam ɗinsa iri ɗaya ne da na gishiri. Amma a cikin tanderun su Jin, sai ga shi ya fito da siffar bishiya: doguwar ganga a tsakiya, rassa sun fito ta fuska huɗu, na ƙasa dogaye, na sama gajeru, kuma jerin rassan yana murɗewa yana hawa kamar matakala.

Abu biyu ne suka haɗu. Gangar tana da targaɗen murɗe guda a tsakiyarta, shi ya sa take tsere da sauri. Rassan kuwa ta wata hanya suke girma, wadda Wagner da Ellis suka bayyana tun 1964: ɗan ɗigon narkakken ƙarfe yana zaune a kan tsinin reshe yana shan tururi yana ajiye kiristal a ƙarƙashinsa. Tun da ganga ta fi rassa sauri, rassan ƙasa da suka riga fitowa sun fi tsawo.

Murɗewar fa? Tun 1953 Eshelby ya yi lissafin cewa siririyar sanda mai targaɗen murɗe a tsakiya dole ta murɗe kanta domin ta rage matsin da ke cikinta. Rassan suna bin fuskar kiristal ɗin ganga ne, don haka da ganga ta murɗe sai su bi ta. Wato rassan sun zama allurar da ke nuna abin da ke ɓoye a ciki. A wannan shekara ta 2008 ƙungiyar Yi Cui a Jami'ar Istanfod ta ga irin haka a wani sinadari ɗan uwansa, PbSe.

Lissafin Eshelby mai sauƙi ne, ku ɗauko kalkuleta:

murɗewa a kowane tsawo = b ÷ (π × R²)

A nan b shi ne girman gocewar, R kuma rabin kaurin wayar. Mu ɗauki b a nanomita 0.6, wanda shi ne kusan faɗin ɗaki guda a ginin galena, R kuma nanomita 50. R² ya zama 2,500. Ninka da π, ka samu 7,854. Raba 0.6 da wannan, ka samu radiyan 0.000076 a kowace nanomita, wato kusan digiri 4.4 a kowace maikiromita. Zagaye guda na digiri 360 zai cika a tsawon maikiromita 82 ko kusa da haka. Idan ka ninka kaurin sau biyu, murɗewar za ta ragu sau huɗu. Shi ya sa ba a ganin wannan abu a ƙaton kiristal, sai a siririn.

Akwai ƙari. Tsakiyar targaɗe wuri ne mai matsi, kuma matsin yana ƙaruwa da b². Frank ya faɗa tun 1951 cewa idan b ya yi girma sosai, ya fi wa kiristal sauƙi ya bar tsakiyar a fayau. A 2010 ƙungiyar Jin ta nuna hakan a sinadarin zink okzayid: waya ta koma bututu, ba tare da an sa mata wata sanda a ciki ta kwaikwaya ba.

Tagwaye biyar da giɓin da ya rage

Aibi na gaba shi ne iyakar tagwaye. A nan jerin atam na wannan ɓari hoton madubi ne na wancan ɓari, sun haɗu a bango guda. Azurfa da zinariya suna yawan yin haka, domin bangon ba ya cin makamashi mai yawa.

Akan dafa gishirin azurfa a cikin etilin gilaikol, sinadarin nan na ruwan lagireto, a zafin wajen digiri 160, tare da wani sinadari mai danƙo da ake kira PVP. Ƙungiyar Younan Xia a Amurka ta yi suna a wannan hanya tun farkon shekarun 2000. Abin da suka gano shi ne, siffar ƙarshe tana rataye ne a kan irin aibin da ke cikin ɗan ƙwayar farko, wato iri. Iri marar tagwaye yakan ba da siffar dunƙulen magi. Mai bango guda yakan ba da dala biyu da suka haɗa gindi. Mai kuskuren ɗori yakan ba da faifai. Mai bango biyar kuwa waya yake bayarwa.

Ku dubi mai biyar ɗin. Yanka biyar ne suka kewaye layi guda, kamar ɓarin lemu. Kusurwar kowane yanki digiri 70.53 ce. Ninka da biyar, ka samu 352.65. Da'ira kuwa 360 ce. Saura digiri 7.35 babu mai cike su. Dole atam su ɗan miƙe su rufe giɓin, kuma duk lokacin da ƙwayar ta ƙara kauri, giɓin da za a rufe a bakin gefe yana ƙara faɗi, matsi yana ƙaruwa. Ƙara tsawo kuwa ba ya jawo wannan wahala. Ga shi kuma PVP ya fi manne wa gefuna fiye da kawunan biyu. Sai azurfa ta yi ta taruwa a kawuna, a samu waya mai gefe biyar, kaurinta 'yan gomomin nanomita, tsawonta gomomin maikiromita. Idan aka shimfiɗa irin waɗannan wayoyi a kan gilashi ko roba, suna ɗaukar lantarki kuma haske yana ratsawa, shi ya sa ake amfani da su a wasu allunan taɓawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake zaɓe. Wurin aibi ya fi saurin cinyewa. Don haka idan aka ɗan sa kuloraid a cikin kwalbar aka bar iska tana shiga, sai irin da ke da tagwaye ya narke, marar tagwaye ya tsira. Idan aka hana wannan cin, tagwaye su rayu a samu wayoyi. Sinadari ɗaya, tukunya ɗaya, amma wanda ya iya sarrafa aibi shi ke yanke abin da za a kwashe.

Mai lemu da ƙafa huɗu

Ku lura da mai lemu idan yana ɗora kayansa. Hawa na biyu yana zama a ramukan na farko. Hawa na uku yana da zaɓi biyu: ko ya daidaita da na farko, a samu tsarin AB AB, ko ya koma ramuka na daban, a samu ABC ABC. Idan ana cikin tsari ɗaya aka yi ɓatan kai aka shiga ɗayan, shi ne kuskuren ɗori.

Sinadarai irin su CdSe da CdTe suna iya ɗaukar kowane daga cikin tsarin biyu. Ƙungiyar Paul Alivisatos a Bakili ta Kalifoniya ta yi amfani da wannan a farkon shekarun 2000. Ƙwayar tana farawa da tsarin ABC, mai fuskoki huɗu iri ɗaya. A kan kowace fuska sai ɗori ya juya zuwa AB, wanda shi kuma ta tsawo yake son girma. Sakamako: ƙafa huɗu sun fito daga cibiya guda, tsakanin kowace biyu digiri 109.5. Duk yadda ka jefa ta, uku za su tsaya a ƙasa, ɗaya ta kalli sama.

Daga ina aibin farko ke fitowa? Hanya ɗaya ita ce wadda Penn da Banfield suka nuna a 1998 a kan titaniyam okzayid. Ƙananan ƙwayoyi biyu, kowace lafiyarta lau, sukan juya har fuskokinsu su dace sannan su manne su zama ɗaya. Idan dacewar ta ɗan kuskure, sai a haifi targaɗe a mahaɗar. Daga nan shi zai ja ragamar girman da ya biyo baya.

Inda aibi ke jawo asara

Kada wani ya fita daga nan ya ce aibi alheri ne a ko'ina. Ramin nan da Frank ya yi hasashe, wanda ya ba mu bututun zink okzayid, shi ne ya daɗe yana addabar masu yin faifan silikon kabayid, wanda ake sawa a na'urorin sarrafa wuta na motocin lantarki da wasu inbata. Rami guda ya ratsa na'ura, ta tashi aiki. A silikon ɗin kwamfuta ma ba a son targaɗe ko ɗaya. A ƙarshen shekarun 1950 William Dash ya gano dabara: lokacin da ake jawo kiristal daga narkakken silikon, a fara da siririn wuya a ja da sauri, sai targaɗun su zame su fita ta gefe, sannan a faɗaɗa. Har yau da ita ake aiki.

Don haka aikin injiniya shi ne ya san wane aibi ne, a ina yake, guda nawa ne, sannan ya yanke ko korarsa zai yi ko ɗaukarsa aiki.

Ku gwada da hannunku

Ku roƙi mai kula da ɗakin gwaji alam mai fotashiyam. Ku narka shi a ruwan zafi har ya ƙoshi, ku tace, ku raba gida biyu. Kofi ɗaya ku tsoma shi a ruwan sanyi, ɗayan ku rufe da takarda ku ajiye inda ba a taɓawa. Na farko zai zubo da ƙananan ƙwayoyi barkatai, domin rara ta yi yawa, ko'ina ana kafa sabon iri. Na biyu zai ba da kaɗan amma manya. Ku zaɓi mai kyau guda, ku ɗaure da zare, ku rataya a cikin ruwan alam da ya ƙoshi ya huce. Cikin 'yan kwanaki za ku ga fuskoki takwas suna fitowa. Matakan da ke zagaye a samansa sun fi ƙarfin ido, amma irin wannan girma na sannu a 'yar rara shi ne wanda Frank ya yi wa bayani.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa atam ya fi zama a lungun mataki fiye da tsakiyar daɓe?
2. Zana targaɗen murɗe, ka nuna dalilin da ya sa matakinsa ba ya ƙarewa.
3. Waya mai R na nanomita 25 da b na 0.6, digiri nawa za ta murɗe a maikiromita ɗaya?
4. Daga ina digiri 7.35 ya fito, kuma yaya yake hana wayar azurfa yin kauri?
5. Kawo wuri guda da ake neman targaɗe da wuri guda da ake korarsa.

Ku yi su a rukunin karatunku kafin makon jarrabawa. Wanda ya samu 17.5 ko kusa da haka a tambaya ta uku, hanyarsa daidai ce. Wanda ya samu 8.8 kuwa ya manta cewa R sau R ake yi, ya koma ya sake. Allah ya ba da sa'a.